Godiya ga mutanen mazaɓata

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana.

Tun ranar Asabar da aka watse daga walimar kammala wa'adina na kansila da kuka shirya mini a ƙofar gidan Mai Unguwa nake son rubuta wannan. A wurin taron an miƙo mini lasifika, na ce "Alhamdu lillahi", murya ta sarƙe, sai Malam Liman ya karɓa ya rufe da addu'a. Ga abin da na kasa faɗa a ranar.

Mu 484 aka zaɓa kansiloli a ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano ranar 16 ga Janairun 2021. Kowa da hanyar da ta kawo shi. Tawa ta taso ne daga wani ɗan ɗaki a sakatariya, ofishin walwala da jin daɗin jama'a, wanda mutanenmu ke ce wa soshiyal. Tebur ɗaya ne da benci biyu. A kan bencin nan na saurari matar da aka saka da 'ya'ya huɗu ba ci ba sha, da yaron da aka tsinto a tasha bai san sunan garinsu ba. Daga ɗakin nan na rungumi jariri zuwa gidan marayu na Nassarawa, na raka mai taɓin hankali asibitin Dawanau, na sha sintiri gidan horon yara na Goron Dutse ina roƙon iyaye su zo su ga ɗansu. Da dattawa suka same ni a zaure suka ce in ajiye aiki in tsaya takara, sai da na yi kwanaki ban ba su amsa ba, don ban iya ihun kamfe ba. Wani tsoho a cikinsu, Allah ya jiƙansa, ya ce mini su mai saurare suke nema.

Abin da soshiyal ta koya mini shi na riƙe: mai tsananin buƙata kunya ke hana shi fitowa layi, sai ka bi shi har gida. To ni namiji ne, gidajenmu kuwa ba a shiga. Saboda haka godiyata ta farko ga iyayena mata ce, ungozomarmu da malaman Islamiyyar matan aure, waɗanda suka bi gida-gida suna gano mini gwauruwa, da marayu, da tsohon da ya kwanta babu mai juya shi. Su suka cika mini littafin nan mai baƙin bango da kuka sha gani a hammatata. Ko sisi ba su taɓa karɓa ba.

Ranar littafin ta zo a daminar 2022, da ruwa ya rushe ɗakuna a gangare. Da kayan agaji suka iso ba mu tsaya musun wa ya cancanta ba, suna na nan a rubuce. Matasan da kuka kwana da shebur kuna yashe kwata, kuna kwashe tsofaffi zuwa ajin firamare, na ga ƙafafunku da suka tsattsage. Allah ya ba ku mata na gari da sana'a mai albarka.

Sai farkon 2023 da canjin kuɗi ya tsayar da mai awara da mai ƙosai, ga ciniki babu tsaba. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watannin nan zaurena bai taɓa yin fili ba. Masu shaguna da suka ba da gero da masara bashi a kan maganata, da mai kemis ɗin da ya riƙa cewa a kawo takardar asibiti kawai, ban ambace ku a taro ba don kun hana ni. Allah ya san ku.

Akwai alkawarin da ban cika ba. Na ce za a haƙa rijiyar burtsatse a unguwar bayan makabarta, na yi ta bin takarda har wa'adi ya ƙare ba a haƙa ba. Har yau yaranku na tura kura da asuba. Ni na yi alkawarin, ni nake neman afuwa.

Waɗanda ba su zaɓe ni ba amma suka zo walima da tabarminsu, na gode ƙwarai. Abokan aikina na soshiyal da ba su daina ɗaukar wayata cikin dare ba, na gode. Uwargida kuma, shekara uku tana ɗora tukunya ba ta san baƙi nawa za su ci ba, ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Allah ya saka mata da Aljanna.

Littafin na damƙa wa Mai Unguwa a gaban Malam Liman, domin duk wanda ya hau kujerar bayana ya tarar da shi. Akwai marayu a ciki da ba a gama sa su makaranta ba, na yi wa sunayensu alama da jan biro. Wanda yake da hali ya same shi, ko ya same ni a zaure bayan La'asar.

Allah ya bar zumunci.