Bidiyon Bangkok da na ɗora jiya

Jiya da daddare na zauna na tsince bidiyoyin da na ɗauko a Tailan, na ɗora guda uku. Sarin kaya ne ya kai ni kasuwar Pratunam a Bangkok, sai Allah ya sa tafiyar ta dace da bikin Loy Krathong, na sakin ƙananan fitilu a kan ruwa, wanda suke yi a daren da wata ya cika, galibi cikin Nuwamba.

A bakin kogin Chao Phraya na kunna Facebook kai tsaye. Ƙarfe bakwai na dare ne a can, mu nan gida ɗaya na rana, tazarar awa shida. Wata tsohuwa na gefena tana naɗe ganyen ayaba a kan yankin kututturen ayaba, ta soka furanni da kyandir da tsinken turare, sannan ta ɗora a kan ruwa da hannu biyu. Sai da na nuna mata wayar ta gyaɗa kai kafin na haska fuskarta. Wannan ladabin bana wasa da shi, domin al'adarsu ce, ba abin kallona kawai ba.

Inna tana kallo a wayar ƙanwata. Ta sa aka rubuto mini: "Ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci shinkafa da kaza a shagon Musulmi kusa da masallacin Haroon. Intanet ta yanke sau biyu, amma har na kashe tana nan tana kallon fitilun.