Abin da na koya a teburin gyaran rahoto

Tunda jibi zan miƙa makullin ofis, bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Duk wanda ya zauna a sashenmu ya san oga da kalmar Turancin nan plethora, ba rahoton da zai fita babu ita. A ganinsa yawa kawai take nufi, sai dai ta fi cika baki. Ranar da ya saka ta a rahoton masu ba mu tallafi, yana son nuna cewa muna da wadatar ma'aikata, na same shi shi kaɗai na ce, "Yallaɓai, za a iya fahimtar cewa ma'aikatan sun yi mana yawa." Na kawo dalili. Asalinta Girkanci ne, ta shigo Turanci a ƙarni na 16 ta bakin likitoci a matsayin sunan ciwo, wato jini ya yi wa jiki yawa har sai an tsaga jijiya an rage. Daga baya ne aka ara ta ga wasu abubuwa, kuma ma'anar wuce kima ba ta taɓa barinta ba. I, yau mutane da dama tarin abu kurum suke nufi da ita, ƙamus ma ya amince. Amma mai riƙe da kuɗi neman inda zai rage yake yi. Na ba shi abundance, wadda ake faɗi don yalwar da ake murna da ita, ko plenty in sauƙi yake so.

Bai ce komai ba sai a taron safe. Gaban kowa, har yaran da nake koya wa aiki, ya tambaya ko ni na ɗauke shi aiki. Rahoto ya tafi yadda yake. Da tambaya ta dawo daga masu tallafin kan guraben aikin da za a iya sokewa, sai ga sunana a matsayin wanda ya duba rahoton.

Tun daga ranar, gyarana a rubuce nake tura shi, da kwanan wata. Na kuma daina yi wa babba dogon bayani, layi ɗaya ya isa. Kalmar da ba za ka iya fayyace ta ba in an tsare ka, kada ka sa hannu a ƙasanta.

Takardar jan kunnen da aka ba ni kan rahoton kuwa tana nan a fayil ɗina. Na nemi a cire, aka ce sai oga ya amince.