Gyaran babban babur na doguwar tafiya a gida: inda aka fi yin ɓarna

Babur ɗin doguwar tafiya, irin su Honda Gold Wing ko BMW R 1250 RT, nauyinsa kaɗai yakan kama daga kilo 250 har ya doshi 400. Ga fasinja, ga kaya a akwatunan gefe, ga inji da zai yi sa'o'i yana aiki ba hutawa. Duk da haka yawancin hidimarsa mutum zai iya yi da hannunsa. Abin da ke jawo asara a gyaran gida ba rashin ƙoƙari ba ne, abu biyu ne: ɗaure noti fiye da kima, da zuba man da bai dace ba.

Saboda haka kafin komai a nemi littafin gyara na ainihin samfurin babur ɗin, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Jikin injin alminiyam ne, notin kuwa ƙarfe, idan aka matsa da yawa haƙoran ramin ne ke cinyewa. Baburan Japan kuma sukurorinsu na ma'aunin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan. Sukundireban Phillips, wato mai kan gicciye da aka saba da shi, yana shiga amma ba ya zama daram, shi ya sa kan sukurun ke lalacewa tun a murɗawar farko.

Canjin baƙin mai shi ne aikin da kowa ke fara koya. Ka tayar da injin ya yi kamar minti 5 don man ya saki jiki, ka kashe, ka ɗora babur a kan sitan na tsakiya a wuri mai shafe. Sa kwanon da zai ɗauki aƙalla lita 5, ka kwance notin ƙasa. Akwai ƙaramar washa ta alminiyam ko tagulla a jikinsa, aikinta sau ɗaya ne, domin matsewar da ta yi ita ce ke toshe yoyo. Wanda ya mayar da tsohuwa zai ga mai yana ɗiga, sai ya ƙara matsa notin, daga nan haƙoran suka tafi. Idan ka cire filta, duba ko robarta ta biyo ta, don wani lokaci takan maƙale a jikin inji. Roba biyu a haɗe suna iya fashewa a kan hanya man ya zube gaba ɗaya. Shafa wa sabuwar robar ɗan mai da yatsa kafin ka ɗaura. Bayan ka zuba adadin da littafi ya faɗa, tayar da injin minti 2 ko 3, kashe, jira ya kwanta, sannan ka auna man, babur yana tsaye cak. A kan sitan na gefe awon ƙarya zai ba ka.

Man mota ba na babur ba ne. A yawancin babura kuloci yana wanka ne a cikin man inji, man mota na zamani kuwa an sa masa sinadarin rage gogayya, sai kulocin ya riƙa sulɓi: ka ba da wuta inji ya yi ƙara, gudu bai ƙaru ba. Nemi tambarin JASO MA ko MA2 a jikin galan.

Birki ne ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin shi aka fi mantawa har sai ranar da aka buƙace shi. Man birki na DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska ko da ba a taɓa buɗe murfin ba. Sabo, ma'auninsa shi ne kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Selshiyos. Wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa zuwa wajen 155. A doguwar gangara, da kaya da fasinja, zafin ya isa ya tafasa shi. Tururi yana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, sai ka ja hannun birki ya taɓo roba babur bai rage gudu ba. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Wajen fitar da tsohon, tsarin ba ya canzawa: matsa hannun birki ka riƙe, buɗe ɗan notin fitar da iska, rufe shi, sannan ka saki hannu. Wanda ya saki kafin ya rufe ya mayar da iska ciki. Ido kuma yana kan kofin sama, kada ya ƙafe, don idan iska ta shiga na'urar ABS, mai hana taya kullewa yayin birki, a wasu baburan sai da kwamfuta ake korar ta. Rufe tanki da tsumma, man birki yana cin fenti. Kada a haɗa DOT 5 da DOT 4. Na farkon silikon ne, ba sa gauraya. DOT 5.1 kuwa, duk da kamar suna, dangin DOT 4 ne.

Takalman birki idan naman jikinsu ya sauko kusa da milimita 1.5 a canza. Kafin a tura fistin da ke matsa takalman baya a wanke dattin da ya kewaye shi, in ba haka ba dattin zai shige ƙarƙashin roba birki ya riƙa kamewa. Bayan an gama a matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa babur ko taku ɗaya.

Iskar taya ana auna ta da sanyi, a bi lambar da ke jikin takardar da aka manna a babur, ba wadda ke gefen taya ba, wannan iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. A gefen akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara 5 tana son dubawa sosai ko da zanenta bai cinye ba. Hudar gefe ba ta faci.

Sarƙa, ga babur mai ita, tsananin ɗauri ya fi saki illa. Idan aka ɗora kaya baya ya zauna, sarƙar tana ƙara tauri, wadda aka ɗaure tamau sai ta riƙa jan boris ɗin giya har ya lalace. Juya tayar baya da hannu ka nemo inda ta fi tauri, a nan za ka auna. Yawancin baburan titi suna son wasan milimita 25 zuwa 35, amma littafi ne alƙali. A wanke da kananzir da burushi mai laushi, fetur yana busar da ƙananan robobin da ke riƙe giris a ciki. A shafa mai duk bayan kilomita 500 zuwa 800, da kuma bayan ruwan sama. Kada a taɓa yin wannan aiki inji yana kunne a giya, yatsu da yawa sun tafi ta nan. Sarƙa da sifiroket biyu tare ake canza su. Babur mai shaf, wato sandar ƙarfe a madadin sarƙa, a canza man giyar baya a kan lokaci, a duba maganaɗisun notin: laushin toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi alamar boris ne. Bel, ga babur mai shi a madadin sarƙa, ba ya son mai sam, tsakuwa da tsagewa kawai ake nema a jikinsa.

Batir mai lafiya da ya kwana ba a taɓa shi ba zai nuna volt 12.6 ko sama a mita. Inji yana aiki an ɗan ba shi wuta, a ga 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka ba ya caji, sama da 15 kuwa na'urar daidaita wuta ta lalace tana dafa batir. Kafin a sayi sabuwar na'urar a zare soket ɗin wayoyi uku da ke fitowa daga kwayil ɗin caji a duba. Sau da yawa shi ne ya yi tsatsa, ya yi zafi, robarsa ta narke. Wajen cire batir a fara da wayar negatif, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin babur ta yi tartsatsi kusa da tanki.