Faifan da na tsinta a akwatin Baba

Jiya ina kwashe kayan ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai ga wani tsohon faifan garmaho a ƙasan akwati duk ƙura, da hoton wani siririn bature mai ƙaton tabarau, wai Buddy Holly. Wallahi kai ka ce malamin lissafi ne. Garmahon ya daɗe da mutuwa, sai na nemo waƙoƙin a YouTube na raba dare ina ji.

Ashe ɗan garin Lubbock ne a jihar Texas ta Amurka, haihuwar 1936, shi ke rubuta waƙoƙinsa lokacin da mawaƙa da yawa rubuto musu ake yi, jita biyu da bes da ganga shikenan, kuma tsarin da na bayansa suka bi kenan, su Beatles ma, shahararrun mawaƙan Ingila, sunan ƙwaro suka ɗauka saboda ƙungiyarsa Crickets, wato gyare. Ran 3 ga Fabrairu 1959 jirgin sama ya faɗo da shi a Iowa, shekararsa 22 kacal fa. Ni a 22 ina ta fama da kariyoba.

Na tambayi Hajiya ina Baba ya samo faifan, ta yi dariya ta ce "kai dai bar mahaifinka, a zamaninsa ai ba a magana."