Awa Huɗun Da Na Saya Ban San Abin Da Ke Cikinsu Ba

Wata biyar ke nan da yin liyafar auren ƙanwata, amma har yau in na ji wani ya ce "awa huɗu" sai in ji wani abu ya tokare ni a maƙoshi. Ni aka ɗora wa maganar kiɗa, wai don ni ne mai kunnen jin waƙa a gidanmu. Amarya ta ce ba ta son DJ shi kaɗai, makaɗa take so na gaske, a ga mai ganga yana zufa, a ga mai jita yana lanƙwasa. Na ce mata, "Kwantar da hankalinki, wannan ai ƙaramin abu ne." Da na san abin da ke gaba da ban buɗe baki haka ba.

Zaɓen ƙungiyar bai ba ni wahala ba, kuma a nan kaɗai zan yabi kaina. Ƙungiyoyi 5 na duba. Dukansu sun turo bidiyo masu kyau, amma bidiyon talla ba abin dogaro ba ne, a situdiyo ake ɗaukar sautin, a gyara murya, a goge duk kuskure, sannan a ɗora hoto a kai. Don haka na nemi kowace ƙungiya ta gaya mini inda za ta yi wasa in je in gani da idona. Biyu suka yi ta kwana-kwana, na soke su. Ɗaya na je na tarar rabin kiɗan daga kwamfuta yake fitowa, ana jin busa babu mai busa a dandamali. Waɗanda na ɗauka mutum 7 ne: mawaƙa biyu, mace da namiji, mai ganguna, mai fiyano, mai jita, mai bes (jita mai kaurin sauti), da mai busa. Na tsaya a bayan zaure na kalle su kusan minti 40, na ga yadda shugabansu ke leƙen fuskar jama'a yana sauya kiɗa kafin su gaji. Na kuma sa aka rubuta a yarjejeniya cewa mawaƙiyar da na gani ita za ta zo, domin manyan ƙungiyoyi kan karɓi aiki biyu a dare ɗaya su raba kansu, su cike giɓi da 'yan haya. Wannan duk na yi daidai.

Ciniki ma na ɗauka na yi nasara. Ba zan faɗi adadi ba, amma mu ƙaddara kuɗin da muka daidaita 100 ne. Na ba da 30 kafin alƙalami, saura 70 ranar biki. Takardar ta ce daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 10 na dare, awa huɗu. Na karanta layin farko, na karanta layin kuɗi, na sa hannu. Shafi biyu ce takardar. Na biyun ko juya shi ban yi ba.

Saura kwana 9 biki shugaban makaɗan ya kira ni.

"Ranka ya daɗe, wa ke kawo kayan sauti? A ba ni lambarsa mu yi magana."

Na ce, "Kayan sauti kuma? Ba ku ne makaɗa ba?"

Ya yi ɗan shiru, irin shirun wanda ya saba jin wannan tambaya. Ya ce su kayan kiɗansu suke kawowa, kowa da nasa. Lasifikokin da za su kai sauti ga jama'a, da miksa (na'urar da ke haɗa sautin kowa ta daidaita shi), da makirfo, da mai kula da su, wannan wani aiki ne dabam, kuma yana shafi na biyu. Na ce ai zauren yana da nasa. Ya tambaye ni guda nawa. Na je na duba: lasifika biyu a manne da bango, makirfo ɗaya, da ɗan miksa mai ramukan soka waya 4. Na jawabi ne, ba na kiɗa ba. Ashe ganguna kaɗai kan ci makirfo 5 zuwa 7, kuma ƙungiya mai mutum 7 ba ta wadatuwa da ƙasa da ramuka 16. Ga kuma ƙananan lasifikokin nan da ake kwantarwa a gaban makaɗa suna kallonsu. Ni da ina zaton ado ne. Da su mawaƙi ke jin muryarsa, in babu su sai ya riƙa rera waƙa a makance, ya kauce wa kiɗa bai sani ba. Haya da injiniyan sauti suka ci 28. Na biya ina ƙunƙuni, amma ban yi nadama ba, domin injiniyan nan shi ya riƙe daren. Sau ɗaya tak aka ji ƙarar nan mai soke kunne, lokacin da wani mai jawabi ya sauko ya tsaya daidai gaban lasifika da makirfo a hannu: makirfo ya ɗebi sautin lasifika, ya mayar mata, ta ƙara masa ƙarfi ta sake fitarwa, haka yake zagayawa har ya zama ihu. Kafin mutane su gama toshe kunne injiniyan ya riga ya kashe.

A wannan kiran na waya aka ambaci shafi na biyu da baki, ni kuma na sake ƙin karanta shi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Allah ya ba ni dama ta biyu, na ce ai na riga na ji abin da ke ciki.

Ranar biki makaɗa suka iso ƙarfe 3 da rabi. Sauke kaya, jan wayoyi, da gwajin sauti sun ci awa biyu cur. Wanda bai taɓa gani ba ba zai yarda ba: mai ganga shi kaɗai ya yi minti 20 yana bugun ganga ɗaya-ɗaya, injiniya yana murɗa wani abu yana cewa a sake. Ƙarfe 6 sun shirya tsaf, sun sa kayansu iri ɗaya. Zaure kuwa kujeru 180, mutanen da ke ciki ba su kai 15 ba, su ma yawanci masu jera faranti ne.

Shugaban ya zo ya same ni a bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, mu fara ko mu ɗan jira jama'a?"

Ga inda na kashe kaina da hannuna. A raina awa huɗu na saya, kiɗa ba tsayawa daga 6 zuwa 10, to me zai sa mutum 7 su zauna suna kallona alhali agogo na tafiya? Na ce, "Ku fara mana, ai kiɗan ne zai jawo su."

Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce, "To, shi ke nan."

Abin da shafi na biyu ya ƙunsa, wanda sai ƙarfe 10 na dare na karanta shi da fitilar waya, shi ne: a cikin awa huɗun nan zagaye uku za su yi, kowanne minti 45. Jimilla minti 135, wato awa biyu da kwata. Sauran lokacin hutu ne da jawabai da kiɗan da ake sakawa daga na'ura. Kuma ba zalunci ba ne, kusan ko'ina haka makaɗa ke aiki. Maƙogwaro nama ne, leɓen mai busa nama ne, babu mawaƙin da zai yi awa huɗu a jere ya tashi da murya gobe. Ni ne ban sani ba. Zagaye uku nake da su a hannu kamar harsashi uku, na harba na farko a sama.

Kuma wane zagaye! Ba su rage komai ba. Zauren da babu kowa amsa-kuwwa yake yi, domin jikin mutane da tufafinsu su ke shanye sauti, in babu su sai ya bugi bango ya dawo. Haka suka yi ta yi wa kujeru wasa daga 6 da kwata zuwa 7. Zagaye na biyu ya fara 7 da rabi, jama'a na shigowa ana gaishe-gaishe, ba mai sauraro. Ango da amarya ba su shigo ba sai 8 da minti 20, wato minti biyar bayan an sauka daga zagaye na biyu. Waƙar shigowar da ƙanwata ta zaɓa, wadda makaɗa suka koya musamman saboda ita, sai da na je na roƙa aka gutsuro ta daga zagaye na uku.

Daga nan jawabai. An ba kowa minti 3. Kawunmu ya yi 22. Ba zan ce komai a kan wannan ba, kawuna ne.

Zagaye na ƙarshe ya fara 9 da minti 20. Nan fa na ga abin da na biya kuɗi dominsa. Mai bes da mai ganga suka kama wani kiɗa, mawaƙiyar ta sauko cikin mutane, iyaye mata da na rantse ba za su motsa ba suka miƙe. Fili ya cika maƙil. Ƙarfe 10 daidai, ana tsakiyar abin, kiɗa ya sauka, mawaƙin ya yi godiya, mai jita ya fara zare waya.

Ƙanwata ta aiko a kira ni. Ta riƙe hannuna, idonta ya kawo ruwa. "Yaya, me ya faru? Yanzu fa aka fara."

Na je wurin shugaban da zafina. Bai ɗaga murya ba. Ya zaro takardar daga aljihun jakar fiyano, ya juya, ya sa yatsa. Ƙarin lokaci: kowace awa 40, a biya kafin a ci gaba, kuma ko minti 10 aka shiga an shiga awa. A lissafina awa ɗaya 25 ce, tunda huɗu 100. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan tun 2 na rana suke kan hanya, kuma in mun tashi sai mun yi awa guda muna naɗe kaya. Da tun farko ka sayi awa biyar da ba haka kuɗin zai zama ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ɗaci. Ciniki a tsakiyar fili, mutum 180 na kallonka, amarya na share hawaye, wannan ba ciniki ba ne. Na tura kuɗin ina tsaye.

Tsugune ba ta ƙare ba. Zauren ƙarfe 11 ake rufewa, kuma ma'anar rufewa a wurinsu ita ce kaya sun fita an kashe wuta. Tunda kiɗa ya kai 11, naɗe kaya ya kai 12, sai ga mai kula da zaure da tasa takardar. Wannan 12. Kuɗin motar kaya, wanda shi ma yana shafi na biyu, 10. Abincin mutum 9, wato makaɗa da injiniya da direba, wanda ban sa su a lissafin masu girki ba, 6. Duka-duka abin da na yi wa kasafin 100 ya tashi 196. Banda ƙarin awar makaɗa da na zaure, sauran duk kuɗi ne da dole a biya su ko da na karanta takardar, sai dai da na san da su da na shirya, ko in ɗauki mutum 5 maimakon 7. Amma 52 ɗin nan, su kam hannuna ne ya ƙona su, da kalma biyu: ku fara.

Abokaina biyu sun nemi shawarata tun daga lokacin, kuma abin da nake fara tambayarsu ba sunan ƙungiya ba ne. Cewa nake: minti nawa za su yi suna kiɗa, ba awa nawa za su yi a wurin ba? Ka sa a rubuta maka zagaye nawa, kowanne minti nawa, kuma wa ke da ikon cewa a fara. Sannan ka zauna ka yi wa kanka gaskiya game da jama'arka. In katin gayyata ya ce 6 kuma ka san ba za a cika ba sai 8, kada ka sayi makaɗa daga 6. A saka kiɗan na'ura a hankali mutane su shigo su zauna, ba wanda zai ce uffan. Zagayen farko a ajiye shi ga shigowar masu biki, sauran biyun a jera su bayan jawabai. Kuɗin ƙarin awa kuwa a yi cinikinsa tun ranar kafin alƙalami, lokacin da kai ke da bakin magana, kuma a ware shi a gefe kamar an riga an kashe. Kan abin da aka ce maka farashi ne, ɗora aƙalla rabinsa kafin ka gaya wa 'yan gida nawa kiɗa zai ci.

Wani abu kuma da ban yi tunaninsa ba sai da na ga Umma ta ɗaure fuska: teburin manya na sa shi a gaba don girmamawa, taku uku daga lasifika. Kiɗan ƙungiya mai ganguna yakan kai desibel 100 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) a kusa da dandamali, kuma masana lafiyar kunne na cewa a wannan ƙarfin minti 15 ya isa a rana. A fili, duk sanda ka ninka tazararka da lasifika sauti na raguwa da desibel 6, a cikin zaure ragin bai kai haka ba amma ana jin bambanci. Muka mayar da teburinsu gefe can baya, suka samu damar hira. Wannan bai ci ko sisi ba, sai ɗaukar kujeru.

Ba na jin haushin makaɗan, kuma in wani biki ya taso su zan sake kira. Awar da na saya da tsada ita ce awar da kowa ke ba da labari har yau, ƙanwata ma ba ta san nawa ta ci ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Makon jiya mai ɗaukar bidiyo ya kawo aikin. Ashe shi ma tun 6 ya kunna kyamara. Na zauna ni kaɗai na kalli zagayen farkon nan gaba ɗaya, minti 45. Wajen minti na 30 mai busa ya matso gaba, ya rufe ido, ya yi wata busa mai tsawo da bai sake yin irinta ba duk daren. Kyamara ta juya ta nuna zaure. Wata mata na shimfiɗa mayafin tebur, ta tsaya da shi a hannu tana saurare. A can bakin ƙofa kuma ga ni nan, na juya baya, ina duba agogo.