Zanen da ba a rubuta masa suna ba

Muna aji uku a sashen injiniyan kanikanci malaminmu ya raba mana zanen wani bututun alminiyam, ba suna, ba bayanin inda za a ɗaura shi. Kwana biyu muka yi muna fama da injin feƙe ƙarfe mai kwamfuta. Nawa ya fito sumul, har na fara hura hanci. Malam ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Aiki ya yi kyau. To, na mene ne?" Na yi tsuru-tsuru.

Daga nan ya ɗauko mana labarin kamfanin SCOPE na Malesiya. Ma'aikatansa sun ƙera dubban sassa bisa zanen da aka kawo musu, a zatonsu kayan harkar man fetur ne. Ashe sassan injin tace yuraniyom ne da mutanen Abdul Qadeer Khan, masanin nukiliya na Pakistan, suka yi wa Libiya oda. A watan Oktoban 2003 aka karkatar da jirgin ruwan BBC China da ke ɗauke da kayan zuwa Italiya, aka buɗe kwantenoni, asiri ya tonu. Kafin shekarar ta ƙare Gaddafi ya ce ya haƙura da shirin ƙera makamin nukiliya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an kama su ne don kayan na da nauyi, dole su ratsa teku da kwastan. Yanzu fa? A 2017 Siemens ta sanar cewa ta ɗaura wa famfon ruwan kashe gobara na tashar nukiliyar Krško da ke Sulobeniya farfelar da injin ɗab'in 3D (mai ƙera kaya kai tsaye daga fayil ɗin kwamfuta) ya fitar. Zane ya zama fayil, fayil kuwa bai san kan iyaka ba.

Ban yarda da masu kururuwar cewa gobe kowa zai ɗab'a bom a ɗakinsa ba. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal nau'in da ake nema, na makami kuwa sai an kai shi wajen kashi 90. Ba injin ɗab'in da zai yi maka wannan wahala. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ɓoye ciniki.

Kwanan baya wani ya turo mini fayil ta WhatsApp, yana son guda ashirin. Na ce, "Alhaji, a ina za a ɗaura shi?" Ya yi dariya, ya turo hoton injin markaɗensa.