Laraba, gidan Kawu da takardar auren Anti

Gas ya ƙare ruwan shayi na kan wuta. Auta ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, Abbansu na ta danna hon a waje. Da ƙyar dai aka fita.

Wajen sha ɗaya Yaya ta biyo ta ɗauke ni zuwa gidan Kawu. Kun san tun bayan azumi take kan maganar nan ta neman dangin marigayiya mahaifiyarta Anti, matar Kawu, a Yukren, kuma ni ta mayar 'yar rakiya, wai na fi ta haƙurin zama gaban kwamfuta. Taubasantaka dai ba ta bar ni na ce a'a ba.

Mun same shi a gindin mangwaron nan, rediyo a gefe, yana cikin nishaɗi. Bayan gaisuwa Yaya ta fara yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda ta haddace a mota. Ta ce a can duk littafin rajistar haihuwa, aure ko mutuwa da bai cika shekara 75 ba yana hannun ofishin rajista, sai ya cika ake miƙa shi ma'ajiyar takardun tarihi ta lardin. Tunda Anti haihuwar 1954 ce, nata na ofis har yanzu, su kuma ba sa bai wa kowa sai ɗan uwa na jini da ya kawo shaida a rubuce. Tana cewa ofishin da ake kira DRATS yanzu, wanda a zamanin Sobiyet sunansa ZAGS, sai ya ɗaga hannu.

"Ke za ki gaya mini ZAGS? A cikinsa fa aka ɗaura mini aure da uwarki."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Kharkiv, birnin Yukren da ya yi karatu, sanyin da ke daskarar da gashin hanci, shekarar farko da suka yi ba abin da ake koya musu sai Rashanci. Ya ce mace ce ta ɗaura auren, tana tsaye bayan tebur tana karanta musu doka, ba waliyyi, ba sadaki, ba ko ƙwayar goro, shaidu biyu kawai suka sa hannu. Sai da suka iso Kano aka sake ɗaura na gaskiya a ƙofar gidan Alhaji. Muka yi ta dariya. Rabon da in ga haƙoran Kawu haka har na manta.

Shi da kansa ya shiga ya ɗauko tsohuwar jakar fatar nan da ba wanda ke taɓawa. Da ya buɗe ta warin kafur ya bugi hancina. Takardar auren 'yar ƙarama ce, an ninke ta biyu, lauje da guduma a gaba, wajen ninkin ya yi laushi har ya fara rabewa. Rubutun ciki harshe biyu ne, Yukreniyanci da Rashanci, an cike guraben da hannu, tawadar ta koma ruwan ƙasa, hatimin kuma zagaye ne mai launin shuɗi da ya kusa gogewa. 1977. Akwai lambar rajista, wadda ita ce za ta sauƙaƙa wa ofishin lalubo shafin. Ya sa tabarau ya karanta mana sunanta cikakke, guda uku a jere, na tsakiyan daga sunan ubanta aka samo shi, kamar yadda 'yar Ivan ke zama Ivanivna. Yau na fara jin sunan kakan Yaya na wajen uwa. Ita ma yau ta fara ji. Ta ce ya maimaita ta rubuta.

Wurin haihuwa wani ƙauye ne a lardin Kirovograd. Yaya ta laluba a taswirar waya ta ce ba garin. Kawu ya ce ta yi a hankali, garin nan ya sha suna: Yelisavetgrad ne har 1924, ya koma Zinovievsk, ya koma Kirovo a 1934, sannan Kirovograd a 1939. Na ƙarshen ne bai sani ba, ni na gaya masa: tun 2016 Kropyvnytskyi ake kiransa, lardin ne kawai ya riƙe tsohon sunan. Ya gwada faɗa sau biyu ya girgiza kai. Ƙauyuka da yawa ma an sauya musu suna a wannan shekarar, musamman masu ɗauke da sunan Lenin da mutanensa, saboda haka dole a bi sunan ƙauyen Anti a ga ko yana nan yadda yake.

Har nan komai lafiya. Sai ni da bakina na ce, "Kawu, mahaifiyarta fa, mene ne sunan gidansu kafin ta yi aure?" Tambayar aiki ce, don ba a iya hawa sama ta ɓangaren mace sai da shi.

Ya ce bai sani ba. Mama suke ce mata.

Yaya ta ce, "Haba Baba, shekara talatin da ɗoriya kuna tare da Mamanmu, ba ka taɓa tambayarta ba?"

Ya cire tabarau ya ninke. Ya kashe rediyon. Sannan ya ce, ba da ɗaga murya ba, "Shekara talatin da ɗoriya tana zaune a ɗakin can. A cikinku wa ya taɓa shiga ya tambaye ta sunan uwarta? Baturiya kuke ce mata, babba da yaro. Sai yanzu da ƙasa ta rufe mata ido kuke neman littafin coci."

Ba wanda ya tanka. Yaya ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Ni kuwa ya juyo ya dube ni ya ce, "Ke ma 'yar nan, a cinyarta kika girma."

Maganar nan ce ta hana ni sukuni tun rana. Ba wai ƙarya ya faɗa ba. Amma Kawu ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya faɗe ta. Mu yara ne a lokacin, abin da muka ji manya na kiranta shi muka kira ta. Waye ya yi shiru ranar da Goggo ta ce kada a kuskura a koya wa 'ya'ya yaren arna? Umma ta sha ba mu labarin, ta ce yana zaune a wurin, ko uffan bai ce ba. Waye ya yi ta cewa baɗi za a kai ta ganin gida, baɗi, baɗi, har Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, wasiƙun suka daina zuwa, aka daina maganar? Harshen matar nan a bakinsa kaɗai ya rage a duk zuri'ar, bai bai wa ko ɗa ɗaya ba. Yanzu kuma shi ne zai ɗora mana. Duk wannan a cikina na faɗa, a fili kuwa cewa na yi, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu. Allah ya jiƙanta." Ya ce amin. Yaya ta roƙi ya ba ta takardar ta kai a fassara, ya ce ba za ta bar gidan nan ba yana raye. Hoto ya yarda muka ɗauka, gaba da baya, yana riƙe da gefenta da yatsa biyu.

A mota ba mu yi magana ba har muka wuce shataletale. Sai ta ce in duba jakarta in ciro takardar haihuwarta. Ba takardar haihuwa ba ce ma, ta rantsuwar shekaru ce ta kotu, irin wadda duk muka yi lokacin shiga jami'a. Inda sunan uwa ya fito a sauran takardunta kuwa, sunan da aka raɗa wa Anti ne bayan ta musulunta. Ba harafi ɗaya da ya yi kama da wanda ke cikin jakar Kawu. Wato a idon ma'aikaciyar da za ta buɗe saƙonmu a Kropyvnytskyi, mata biyu ne daban, kuma Yaya ba 'yar kowa ba ce a wurinsu. Takardar mutuwa ma babu. A gida Anti ta cika da hantsi, kafin la'asar an kai ta, wa ya tuna da Hukumar Ƙidaya?

Abin ya ba ni haushi fiye da maganar Kawu. Mun ɗauka matsalar daga can za ta zo, ƙasar da ta ga yunwar 1932 zuwa 1933, ta ga mamayar Jamus, ga yaƙin da take ciki tun 2022. Ashe su littattafansu na nan, wanda ya tsira ya tsira, har ɗaukarsu hoto ake yi ana sawa a intanet jiniya na kuka. A gidanmu igiyar ta tsinke, inda ba a taɓa jefa bam ba.

Makaranta. Auta ya dawo da takalmin wani. Tuwo miyar kuɓewa, ba wanda ya yaba.

Bayan isha'i na buɗe FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin zuri'a, don in rage zafi. Tun 2020 suka ƙulla yarjejeniya da hukumar ma'ajiyoyin tarihi ta Yukren suna ɗaukar littattafan hoto, rajista kyauta ce, akwai kuma wasu dubbai da 'yan sa-kai suka zuba a Wikisource na Yukreniyanci. Abin ban dariya, kakannin Anti sun fi ita kanta sauƙin samu, don su sun wuce shingen shekara 75, ba mai tambayarka shaidar jini. Rajistar gwamnati a 1919 aka kafa ta a Yukren ta Sobiyet, sai cikin shekarun 1920 ta zauna sosai a ƙauyuka. Kafin nan limaman coci ne ke rubutawa, tun 1722, kowane littafi kashi uku: haihuwa, aure, mutuwa. Kwafi biyu suke yi, ɗaya a cocin, ɗaya a aika hedikwatar limamai. Yankin su Anti a zamanin sarakunan Rasha ƙarƙashin lardin Kherson yake, hedikwatar limamansa kuma a Odesa, shi ya sa abin da aka rasa a Kropyvnytskyi ana iya dacewa da shi a ma'ajiyar Odesa, a tarin da suka sa wa lamba 37.

Na buɗe wani littafin haihuwa na wani ƙauye a yankin, na farkon ƙarni na 20, don kawai in ga kamanninsa. Layuka ne a tsaye: ranar haihuwa, ranar baftisma, sunan jariri, iyaye, waɗanda suka tsaya masa, limamin da ya yi. Uban an rubuta shi cikakke har da matsayinsa, manomi ko soja. Uwar kuwa sunanta da na ubanta kawai, sunan gidansu ba ya fitowa, sai ka koma sashen aure ka nemo ranar da aka kawo ta. Kwanan watan ma na tsohuwar kalanda ne, wadda suka bari a 1918, sai ka ƙara kwana 13 kafin ya daidaita da namu. Rubutun hannun limamin ya fi ƙarfin manhajar fassara ta waya, shirme kawai take fitarwa. A Kano gaba ɗaya mutum ɗaya na sani da zai iya karanta shi, kuma kun san ko waye.

Wani abu da ya ɗan sanyaya mini rai: bayan yaƙin duniya na biyu, inda littafi ya ƙone, sake rubuta rajistar suka yi da bakin shaidu, wani lokacin ma likitoci ne ke duban mutum su ƙiyasta shekarunsa. Kirovograd na hannun Jamusawa daga Agustan 1941 zuwa Janairun 1944, don haka ba mamaki ta mahaifiyar Anti irin wannan ce. To ashe sun san takardar rantsuwa, ba za su ga tamu baƙuwa ba. Kawu ya taɓa cewa an kwashi wata innarta zuwa Jamus aikin tilas. Irin waɗannan ana neman sunayensu a ma'ajiyar Arolsen ta Jamus, ita ma kyauta a intanet, amma da wane suna zan nema?

Yaya ta tura wa Kawu hoton shafin ta WhatsApp, ta ce ya taimaka ya karanta layi ɗaya. Ya gani. Bai amsa ba.

Ta kira ni ɗazu wajen sha ɗaya saura. Ta yi magana da lauyan ofishinsu, ya ce a fara da rantsuwa a babbar kotu cewa sunayen nan biyu na mace ɗaya ne, sannan a nemi takardar mutuwa a Hukumar Ƙidaya, a fassara duka zuwa Yukreniyanci a buga musu hatimi. Ya ce wanda ya fi dacewa ya yi rantsuwar shi ne mijin, da kansa, a gaban mai rantsarwa, kuma da asalin takardar auren a hannunsa. Wai ni zan je in gaya masa, don ya fi jin maganata. Na ce mata ta bari sai na yi shawara da Umma.